Fodkas: Shaidar Likita da Ɗaurin Masu Renon Jarirai

Hauwa: Assalamu alaikum, masu sauraro. Shirinmu na yau zai duba shari'o'in da aka ɗaure iyaye ko masu reno bisa shaidar likita cewa sun jijjiga jariri har ya mutu, daga baya kuma kotuna suka soke hukuncin. Malam Bashir, daga ina wannan fahimta ta samo asali?

Bashir: Ta faro ne a 1971, Malama Hauwa, lokacin da wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Ingila mai suna Norman Guthkelch ya rubuta cewa jijjiga jariri da ƙarfi na iya haddasa zubar jini a cikin kai ko da babu rauni a waje, sannan John Caffey a Amurka ya faɗaɗa bayanin a 1972 da 1974. A hankali likitoci suka tsaya a kan alamu uku: jini a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, jini a can cikin ido, da kumburin ƙwaƙwalwar kanta. Shekaru da yawa ana koyar da cewa idan ukun nan suka haɗu, kuma babu haɗarin mota ko faɗowa daga bene mai tsawo, to jijjiga yaron aka yi.

Hauwa: Abin da ya fi damuna shi ne nauyin da aka ɗora wa wannan shaida a kotu. A sauran shari'o'in kisa, mai gabatar da ƙara sai ya nuna cewa an aikata laifi, ya nuna wanda ya aikata, ya kuma nuna niyyarsa, kowanne da hujjarsa. A nan kuwa likita guda yakan amsa duka ukun: alamun sun nuna an yi ta'asa, tsananinsu ya nuna da gangan aka yi, kuma tunda an ɗauka yaro yana sumewa nan take, wanda yake riƙe da shi a lokacin shi ne mai laifi. Galibi wannan mutumin shi ne ya kira motar asibiti.

Bashir: Haka ya faru da Audrey Edmunds a jihar Wisconsin. Tana renon jaririyar maƙwabta, yarinyar ta rasu a 1995, aka same ta da laifi a 1996, aka yanke mata ɗaurin shekara 18. Daga baya likitan da ya binciki gawar ya koma kotu ya ce ba shi da tabbacin da yake da shi a da game da lokacin da raunin ya auku, domin ya ga cewa yaro na iya yin sa'o'i cikin hayyacinsa kafin ya sume. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bayan matar ta shafe shekara 11 a gidan yari. Amma ina so mu yi hattara, Malama, kada mai sauraro ya ɗauka cewa ba a cin zarafin jarirai. Ana yi, akwai waɗanda suka amsa da bakinsu cewa sun jijjiga yaro, kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka har yau tana tsaye a kan cewa wannan rauni tabbatacce ne, duk da cewa a 2009 ta sauya masa suna zuwa wanda ya ƙunshi duk wani rauni na kai da aka yi wa yaro da gangan.

Hauwa: Ban musa ba, Malam. Gardamar tana kan ko alamun su kaɗai sun isa hujja. A 2016 hukumar tantance binciken lafiya ta Suwidin ta duba rubuce-rubuce sama da dubu ɗaya, ta ce biyu kacal ne ingancinsu ya kai matsakaici, kuma duka biyun sun dogara ne da ikirarin waɗanda ake tuhuma. Aibin da ta gano a yawancin sauran shi ne, da alamun nan uku aka fara yanke cewa an ci zarafin yaran, sannan aka dawo aka lissafa yaran nan a matsayin hujjar cewa alamun suna nuna cin zarafi.

Bashir: Likitocin yara da dama sun soki wannan rahoto da kakkausar murya, suna cewa ba da alamu uku kaɗai suke yanke shawara ba, sukan duba karayar haƙarƙari, da tabon duka a jiki, da bayanin iyaye, su kuma kawar da sauran cututtuka tukuna.

Hauwa: Idan an yi hakan da kyau, madalla. Sai dai kawar da cuta ya dogara da saninta. Ka tuna Patricia Stallings a Missouri, wadda aka ɗaure a 1991 bisa zargin ta shayar da ɗanta ruwan sanyaya injin mota. Tana tsare ta haifi wani ɗa, wanda aka raba da ita, shi ma ya kamu da irin wannan rashin lafiya, sai aka gano cutar gado ce da ke tara wani sinadari a jini wanda ɗakin gwaji ya ɗauka guba ne. A Landan kuma, iyayen wani jariri mai suna Jayden Wray sun fuskanci tuhumar kisa har zuwa 2011, alhali yaron yana fama da laushin ƙashi saboda ƙarancin bitamin D.

Bashir: Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Sally Clark, lauya a Ingila wadda 'ya'yanta biyu suka rasu suna jarirai, aka ɗaure ta bisa zargin kashe su. A 1999 Farfesa Roy Meadow ya shaida wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su mutu haka kawai a irin gidanta ita ce ɗaya cikin miliyan 73. Ya samo adadin ne ta hanyar ninka yiwuwar mutuwa guda da kanta, kamar mutuwar biyun ba su da alaƙa, alhali 'yan gida ɗaya suna tarayya a jini da muhalli. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta yi watsi da lissafin a 2001. Abin da ya fitar da ita a 2003 shi ne sakamakon gwajin da ya nuna ƙwayoyin cuta a jikin ɗanta na biyu, wanda likitan binciken gawa bai bayyana wa kowa ba. Ba ta murmure daga abin da ya same ta ba, ta rasu a 2007.

Hauwa: A Ostareliya ma Kathleen Folbigg ta yi shekara 20 a tsare kan mutuwar 'ya'yanta huɗu, kafin a sake ta a 2023, bayan masana sun gano wani sauyi a ƙwayar halittar da ke shafar bugun zuciya a jikin 'ya'yanta mata biyu. Abin lura shi ne, kimiyya takan gyara kanta cikin sauri fiye da kotu, domin kotu an gina ta ne a kan cewa hukunci idan ya tabbata ya tabbata.

Bashir: Shi ya sa jihar Texas ta yi doka a 2013 da ke bai wa fursuna damar neman a sake duba shari'arsa idan ilimin da aka dogara da shi ya sauya. A can ne aka yanke wa Robert Roberson hukuncin kisa a 2003 kan mutuwar 'yarsa mai shekara biyu. Lauyoyinsa sun ce ciwon huhu mai tsanani da magungunan da aka rubuta mata ne suka kashe ta, kuma ɗan sandan da ya jagoranci binciken yanzu yana cewa mutumin ba shi da laifi, yayin da masu gabatar da ƙara suka dage cewa akwai raunukan duka a jikin yarinyar. An tsayar da ranar kashe shi a Oktoban 2024, aka dakatar a daren ranar, aka sake sa wata a Oktoban 2025, ita ma babbar kotun laifuka ta jihar ta dakatar, ta mayar da batun ƙaramar kotu domin a sake dubawa.

Hauwa: A nan za mu dakata, Malam Bashir. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba.