Kafin ka sayi jan birki, dubi lambar da ke jikin kwalbar mai

Assalamu alaikum jama'a. Sati biyu ke nan ana ta turo min bidiyon nan a WhatsApp, wanda wani ɗan'uwa ya sa ma motarshi manyan etiriye jajaye, wato ƙarfen da ke matse diski in an taka birki, diski kamar faifan rufe tukunya, ya shiga filin tsere ya yi zagaye huɗu, a na biyar ya taka birki ƙafarshi ta tafi har ƙasa, mota ta ce ita ba ta san zancen ba. Allah ya kiyaye, fili ne buɗaɗɗe, ƙura kawai ya sha. To tambayar da kowa ke min ita ce, yaya mutum zai zuba jikkuna haka a birki kuma birki ya ci amanarshi? Wasu sunka ce jabu anka sa mishi, wasu sunka ce ai da man birki DOT 5 ya zuba da ba haka ba. Wannan magana ta biyun ita ta tashe ni, don ita ce za ta kashe wani.

[Hoto: diski ya yi ja cikin dare]

Ku dubi nan. Aikin birki ɗaya ne, ya ɗauki gudun mota ya maida shi zafi. Mota mai nauyin kilo 1300, tana kilomita 160, ka tsaida ta cak, zafin da ya fita ya isa ya tafasa ruwa lita 4 da ɗoriya, cikin 'yan daƙiƙu. Shayin fada guda ke nan har da na baƙi. Kuma in ka ninka gudu biyu zafin sau huɗu yake ninkuwa. A gari ba ka jin komi, don daga wannan danja zuwa waccan birki ya huce. A fili kuwa kowane kwana taka birki ne mai ƙarfi, ba hutu, diski na iya wuce digiri 500, balle a watan Afrilu na Yamai da iskar da za ta sanyaya shi ita kanta ta haura 40.

Babban diski da babban etiriye ba su ne ke rage tazarar tsayawa a taki ɗaya ba. In birkin da motarka ta zo da shi na iya sa ABS, wato abin da ke hana taya kullewa, ya fara kakkarwa ƙarƙashin ƙafarka, to ƙarfinshi ya riga ya fi abin da taya ke iya riƙewa, saura ya rage ga taya da kwalta. Amfanin babban diski shi ne ya haɗiye zafi da yawa ya kuma saki da wuri. Brembo na gaske, kamfanin birki ne na Italiya tun 1961, ba wanda ya ce ba shi da kyau. Amma murfin roba ja da ake liƙa ma etiriye a rubuta suna a kai, wannan kwalliya ce ta korteji ranar aure, mu wuce.

Yanzu ga inda nike so ku tsaya da ni. Ƙanena, matso da kamera kan kwalaben nan.

Birki iri biyu yake gajiya, kuma ƙafarka ce za ta gaya maka wanne ne. In fedal ya yi tauri kamar kullum, kana dannawa amma mota ba ta rage gudu, ga wari kamar ana ƙona roba, plakat, wato abubuwan da ke goga jikin diski, su ne sunka yi zafin da ya fi ƙarfinsu. In kuwa fedal ya yi laushi, ya lotsa kamar ka taka katifa, ya tafi ƙasa, man birki ne ya tafasa. Na bidiyon nan na biyun ne ya same shi. Ya canza duk ƙarfen da ido ke gani, ya bar tsohon man da motar ta zo da shi daga jirgin ruwa, wanda Allah kaɗai ya san shekararshi.

Mi ya sa tafasar ke da haɗari? Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa in ka danna fedal ƙarfin ke bin tiyo ya isa taya nan take. Tururi kuwa matsuwa yake. Da zarar man ya tafasa cikin etiriye, kumfar tururi ta samu, ƙafarka kumfa take matsawa, plakat ba su ma san ka taka ba.

Kuma man birki irin na glikol, wato DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1, yana da hali guda, shan laima yake. Ta murfi, ta tiyon roba, a hankali a hankali, damina bayan damina. Shi ya sa kowace kwalba ta kirki ke da lamba biyu, ta sabon mai da ta man da ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin ɗari. Ku karanta tare da ni, wannan ƙa'idar ma'aikatar sufuri ta Amurka ce, daga can sunan DOT ya fito, kuma mafi ƙanƙantar abin da anka yarda da shi ne. DOT 3, sabo digiri 205, ya sha ruwa 140. DOT 4, sabo 230, ya sha ruwa 155. DOT 5.1, sabo 260, ya sha ruwa 180. Kun ga faɗuwar? Daga 230 zuwa 155, digiri 75 sunka tafi ba tare da ka ga komi ba, a gari fedal lafiya lau, sai ranar da ka nemi birkin da gaske.

To ina DOT 5 ɗin? Ga ta nan, shunayya, launinta ma daban. Mutane sun ɗauka lambar kamar ajin lakwal ce, 4 ta wuce 3, 5 ta wuce 4, mai biyar ya fi mai huɗu ilimi. Wallahi ba haka ba ne. DOT 5 silikon ce, wani gida ne dabam, ba ta haɗuwa da sauran ukun. Bari ku gani.

[Hoto: an zuba biyun cikin kofin gilashi, an girgiza]

Kun gani, kamar man gyaɗa da ruwa, kowa ya kama gabanshi. Ita ba ta shan ruwa, sai mutum ya ce ai madalla. To ruwan da ya shiga ina za shi? Taruwa yake wuri ɗaya a ƙasa, cikin etiriye inda zafin yake, kuma ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa. Ga ta da riƙe iska, ABS na bugawa da sauri ta yi kumfa, fedal ya yi taushi. An yi ta ne don motocin soja da tsofaffin motocin ajiya da wasu tsofaffin babura Harley-Davidson, abin da ke daɗewa a tsaye. Motarka mai ABS ba ruwanta da ita. Wadda ke 'yar'uwar DOT 4 ita ce 5.1, ɗigon nan da ɗayan nan su ne duk bambancin, in mai shago ya ce maka duk ɗaya ne ka ce mishi na gode Alhaji, ka aje mishi kayanshi.

Sai abin dariyar, man da 'yan tsere ke zubawa mafi yawansu DOT 4 anka rubuta a jiki. Dubi wannan, Motul RBF 600, DOT 4 ce, amma sabonta ya haura digiri 300. ATE Typ 200, sabo 280, ya sha ruwa 198. Castrol SRF ko ya sha ruwa yana kai 270, tsadarshi kuwa sai ka zauna kafin a gaya maka. Mi ya hana a kira su 5.1 tunda sun wuce ta a zafi? Don 5.1 na da wani sharaɗi, sai mai ya kasance tsinkakke a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili. Mu da sanyin Janairu in ya sauka 15 muke fiddo bargo da hular sanyi, wannan ba damuwarmu ba ce. Ka daina kallon babbar lambar gaba, juya kwalba ka karanta digirin nan biyu. Ni a ganina mai zuwa fili sau biyu ko uku a shekara, DOT 4 mai ƙarfi irin ATE ko Motul ta ishe shi, SRF almubazzaranci ne gare shi.

Wani abu kuma tunda muna da tsofaffin motocin Faransa a gari, koren man nan LHM na tsofaffin Citroën, man ma'adini ne, in ya shiga motar da ba tashi ba robobin ciki kumbura suke, duka sai an canza. Kore, shunayya, ka bar su. Naka launin ruwan shayi ne mara ƙarfi, in ya koma kamar kofi ya tsufa.

Ni kaina an yi min. Wata shekara na kai mota wani garaji na ce a canza man birki, aparanti ya zuƙe na cikin kofin sama da sirinji, ya cika da sabo, ya goge murfi tas, maigidan ya ce an gama. Na duba, fes. Ashe tsohon man da ke cikin tiyo da etiriye, inda tafasar ke faruwa, ko taɓa shi ba a yi ba. Canji na gaske sai an buɗe ƙaramin bakin fidda iska na kowace taya, a yi ta turawa har sabon mai ya fito garau ba kumfa. Yawancin motoci ana farawa da tayar da ta fi nisa da pompon birki, dama ta baya, hagu ta baya, dama ta gaba, hagu ta gaba, amma dubi littafin motarka don wasu tsarinsu daban. Kada kofin sama ya ƙafe ana cikin aiki, in iska ta shiga akwatin ABS kun kwana a nan. Kwalba sai mai hatimi, wadda anka buɗe tun bara tana kan kanta ta riga ta sha laima. Kuma in ya ɗiga kan fenti wanke da ruwa nan take, cin fenti yake. Mai yawo a gari kawai, duk shekara 2. Mai shiga fili, sabon mai kafin ranar.

Sauran da gudu, hotuna sun ƙare min.

Plakat, kada ka sayi na tsere zalla, sai sun yi zafi suke kamawa, da safe ka fito kabu-kabu ya yanko gabanka su ko ba su farka ba, ga ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ga cin diski. Nemi na tsakiya irin Ferodo DS2500. In ka sa sababbi sai ka zaunar da su, a wuri mara mutane, daga kamar kilomita 100 ka sauko 15 da ƙarfi ba tare da ka tsaya cak ba, sau 8 zuwa 10, sannan ka yi ta tafiya su huce. Tiyo mai saƙar ƙarfe yana sa fedal ya yi ƙwari, ba ya ƙara ƙarfin birki. Diski mai huji-huji kyau gare shi a hoto, a fili tsagewa yake daga bakin hujin, sayi sumul ko mai tsaga. Taya mai kyau ta fi duk waɗannan rage tazara.

Kuma don Allah fili na ce, irin Dakar-Baobabs na Senegal ko Kyalami na Afirka ta Kudu ko wurin da anka killace da izini. Hanyar Dosso da shanunta da amalanken jakai ba wurin gwada birki ba ce.

In ka gama zagayenka ka yi ɗaya a hankali ba taka birki, iska ta ratsa diski. Da ka tsaya kada ka ja birkin hannu, kada ka bar ƙafa kan fedal, plakat mai zafi shatarshi yake bari jikin diski, gobe sitiyari na rawa ka ce diski ya lanƙwashe. Sa ta a giya, ko ka sa ma taya dutse. Ƙanena, miƙo min dutsen can.