Matan Fada da abin da biki yake riƙe wa gari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Iyayenmu masu sarauta da malamanmu da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Iyaye mata, sannunku da fitowa. Ɗalibai, ku ma sannunku, na san wasunku tun hantsi kuke nan.

An ce in yi magana a kan bukukuwan gargajiya da amfaninsu ga zaman jama'a. Fagen yana da faɗi, in na ce zan zagaye shi duka, magariba za ta same mu ba mu kai rabi ba. Don haka zan kama guda ɗaya in tsaya a kansa, wato bikin kamun kifi na Argungu, sauran kuma mu leƙa su a kan hanya.

Ku fara riƙe shekara guda a ranku: 1934. A shekarar ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Yaran yau za su ce, to sarki ya ziyarci sarki, mene ne abin labari? Akwai abin labari ƙwarai. Kabi tsohuwar daula ce tun zamanin Muhammadu Kanta, mai birnin Surame. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, amma Kabawa ba su sauke takobi ba. Daga baya suka kafa kujerarsu a Argungu, a 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta, aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Kusan shekara ɗari ke nan ana zubar da jini tsakanin maƙwabta masu harshe ɗaya. Gidaje da yawa a ɓangarorin biyu suna da kakan da ya tafi fagen fama bai dawo ba. A cikin irin wannan tarihi ne Sarkin Musulmi ya tako ƙafa ya zo. Kabawa kuwa suka duba me suke da shi mafi daraja da za su tari baƙo da shi, suka ga ruwa ne da su. Sai suka tara masunta, aka shiga kogi a gabansa. Daga wannan tarba ce bikin da muka sani yau ya samo asali.

Ni wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a labarin. Sulhun da aka rubuta a takarda yana kwance a akwati, jikoki ba sa ganinsa. Wanda aka mayar biki kuwa, duk shekara sai an sake yin sa da jiki, Basakkwace ya kwana a gidan Bakabe, su ci tuwon shinkafa a akushi ɗaya.

To, bari in kai ku bakin Matan Fada, wato kogin da ake kamun kifin a cikinsa, don wasunku a talabijin kawai suka gani. Na taɓa tsayawa a can, kuma har yau in na rufe ido ina jin ƙarar. Masunta dubbai suna jere nesa da gaɓa, kowa da homarsa, wato komar nan mai baki biyu da ake buɗewa kamar fukafukai, da ƙaton gora a kafaɗa. Goran nan aiki biyu yake yi: a kansa masunci yake kifa ciki ya yi iyo, a cikinsa kuma yake zuba abin da ya kama. Makaɗa suna cikin kwalekwale suna zuga mazaje da kirari. Sai a harba bindiga. Jama'a, ƙasa har girgiza take yi. Ƙura ta tashi, kafin ka ƙifta ido ruwa ya ɓace, kawunan mutane da goruna kawai kake gani. Cikin kamar sa'a guda an gama, a yi ta fito da kifi ana kai wa ma'auni. Giwan ruwa ake nema, kuma an sha fitar da wanda ya haura kilo 70, sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi.

Kafin wannan rana kuma akwai kabanci, wasannin ruwa na Kabawa: tseren kwalekwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu tsura. Ga kokawa da dambe, ga baje kolin amfanin gona.

Yanzu ga tambayar da nake so ɗalibai su rubuta. Me ya sa ake samun kifi mai girman mutum a wannan ɗan yanki na kogi, alhali wasu kogunanmu an tatse su har 'ya'yan kifi ba a bari ba? Amsar tana hannun Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta. Wannan yanki a rufe yake sauran watannin shekara, ba mai jefa koma sai an ba da izini. Kifi ya samu ya hayayyafa, ya girma, ya yi ƙiba. Tun kafin 1934 Kabawa suna da gyaran ruwa da fashin ruwa, ka'idojin da ke faɗin yaushe za a shiga, yaushe za a fita. Abin da masana kimiyya suke kira kare muhalli a yau, suna shirya masa taro a manyan otal, masuntan Kabi sun daɗe suna yin sa. Kuma ba ɗan sanda ke tsare kogin ba. Kunya ce ke tsare shi, da sanin cewa in ka saci kifin yau, ka ci amanar ranar da gari duka yake jira.

Sai maganar abinci, don biki ciki ne kafin ya zama kallo. Wanda ya noma duman da aka yi gora da shi ya samu. Mai saƙa koma ya samu, masassaƙin kwalekwale ya samu. Mata masu banda kifi, masu waina, masu fura, direban da ya ɗauko baƙi daga Birnin Kabi, mai gidan da ya ba da hayar ɗaki, tela, maroƙi, kowa yana da rabonsa. Akwai magidancin da ya shaida mini cewa da cinikin kwana huɗun nan yake sayen takin daminarsa.

Shi ya sa abin da ya faru daga baya ya yi mini ciwo. Kusan shekara goma aka yi ba a gudanar da bikin ba, saboda rashin tsaro da ƙarancin ruwa a kogi, sai a watan Maris na 2020 aka dawo da shi. A cikin wannan tsakanin ne ma, a 2016, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Suna ya tafi duniya, fage kuwa shiru. Ku lissafa da kanku: yaron da yake ɗan shekara takwas lokacin da aka daina, ya zama saurayi bai sake ganin mahaifinsa ya ruga da homa ba. Makaɗin da ya san kirarin kowane gidan masunta, in ya rasu a wannan tsakanin, da wa ya bar shi? Kirari ba ya zama a littafi, a baki yake zama, kuma baki sai da fage.

Haka abin yake a wasu wurare. Hawan Sallah na Kano, wanda shi ma UNESCO ta karɓa a 2024, baƙo dawaki yake gani, amma a bayan kowane doki akwai baduku, da maƙerin linzami, da mai ɗinkin alkyabba. A hawan Daushe sarki da kansa yake zuwa Babban Ɗaki gaida mahaifiya a gaban dubban mutane, kuma ban san wata makaranta da ta fi wannan koya wa yaro girman uwa ba. A Nijar, gasar kokawa ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana zagaya jihohin ƙasar, kuma in ana yin ta za ka ga kasuwa ta koma gindin rediyo.

Waɗannan manya ne, suna da gwamnati da 'yan jarida a bayansu. Tsorona yana kan ƙananan. Ina kalankuwa, da samari da 'yan mata suke yi bayan an kai amfanin gona rumbu, a naɗa musu sarautu, su koyi shugabanci da shari'a cikin wasa? Ina tashe, da yara suke fitowa daga goma ga azumi suna kwaikwayon marowaci da malalaci da maƙaryaci, gari ya yi dariya kuma ya gyara halinsa? A unguwar da na tashi, dare ɗaya sai ƙungiya biyar ta shigo gidanmu. Azumin da ya wuce na zauna a ƙofar gida da 'yan canjina a aljihu har aka yi shirin kwanciya, yaro ko ɗaya bai zo ba.

Na san akwai masu cewa wasu daga cikin waɗannan al'adu suna da gaurayen tsafi da shashanci, kuma ga malamai nan zaune, ba zan ce ƙarya suke yi ba. Akwai abin zubarwa. Amma uwar gida in ta ga tsakuwa a shinkafa, tsincewa take yi, ta dafa sauran. Wannan aikin tsincewa na malamai ne da sarakuna tare, kuma ina roƙonku, Allah ya ja zamaninku, ku zauna a kansa kafin tsofaffin da suka san abin su ƙare.

Ku kuma ɗalibai, kowannenku yana da waya mai ɗaukar murya. In kun je hutu, ku nemi tsohon da ya fi kowa shekaru a garinku, ku durƙusa ku gaishe shi, ku tambaye shi wane wasa ake yi bayan kaka a zamaninsu, wa ke shirya shi, wace waƙa ake yi, kuma a wace shekara aka daina. Ku ɗauka, ku rubuta sunan garin da ranar, ku kawo wa malamanku na Hausa.

Na ga an miƙo mini takarda cewa lokacin la'asar ya gabato. Zan karɓi tambaya uku, mu fara daga ɓangaren iyaye mata.