Tsaron kai a Legas: abin da alƙaluma ba su ƙirga ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Sarki, ranka ya daɗe. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayena da 'yan'uwana mazauna Ikko, barkanku da yamma.

An ce in yi magana a kan yawan laifuka a garin nan da yadda mutum zai tsare kansa. Bari in fara da lissafi, tunda shi ake tsorata mutane da shi. A rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na shekarar 2017, laifukan da aka kai gaban 'yan sanda a faɗin Najeriya sun kai 134,663. A cikinsu Legas kaɗai tana da 50,975, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku. Jihar Kebbi, wadda ta zo ƙarshe, nata bai kai 300 ba. Wanda ya ji wannan daga gida sai ya ce duk ɓarayin ƙasar nan a bakin teku suka tare.

To, ku lura da kyau. Abin da aka ƙirga shi ne ƙarar da aka shigar a caji ofis, aka rubuta a littafi. Mutumin Ikeja in an sace masa mota dole ya je, don kamfanin inshora ba zai saurare shi ba sai da takardar 'yan sanda. A ƙauyukanmu kuwa, in an sace akuya, a zauren mai unguwa ake kashe magana. Ga kuma yawan jama'a, miliyoyi cunkushe a jihar da ta fi kowace ƙanƙanta a ƙasa. Yanzu ina tambayarku: mai shayin da aka ƙwace wa cinikinsa da asuba a Oshodi, ya je caji ofis? Ɗan garuwa fa? Mai gadin da aka ɗaure a Lekki, in ba maigidan ne ya kai ƙara ba? Ba sa zuwa. Sai su ce ƙaddara, su yi shiru. Saboda haka abin da ke samunmu ba ya cikin wancan lissafi, kuma da lissafin ake yanke inda za a ajiye motar sintiri. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, kuma shi na zo faɗa.

Dattawan da ke nan sun san yadda garin yake kafin Buba Marwa ya zo gwamna a 1996 ya baza rundunar Operation Sweep, ta soja da 'yan sanda. Bayan dawowar farar hula aka mayar da ita RRS, wato rundunar 'yan sanda ta kai ɗaukin gaggawa. A 2007 Gwamna Fashola ya kafa asusun tsaro wanda bankuna da kamfanoni ke zuba wa kuɗi, ana sayen motoci da babura da rigunan sulke. Fashin banki da rana tsaka ya ragu sosai. Amma a watan Oktoba na 2020 an ƙona ofisoshin 'yan sanda da dama, kuma unguwanni sun daɗe suna jin jiki.

Ɓarawon da za ka fi haɗuwa da shi yau ba mai fasa banki ba ne. Na cikin cunkoson motoci ne, a Mile 2, a Ijora, a hanyar Apapa zuwa Oshodi: ya ƙwanƙwasa gilashi, ya nuna wuƙa ko bindiga, ya karɓe waya ya ɓace tsakanin motoci. Sai 'yan wan cans. Ka ga danfo ko ƙaramar mota da fasinja uku ko huɗu, har da mace don ka saki jiki, kwandasta yana kiran saura mutum ɗaya. Duk bakinsu ɗaya. Da kun yi nisa sai a danne ka, a karɓi katin banki da lambar sirri, a kwashe kuɗin, a jefar da kai a gefen titi. Sun fi fita kafin gari ya waye da kuma bayan isha'i, daidai lokacin da mutanenmu ke zuwa kasuwar Mile 12 ko mayankar Oko-Oba da kuɗi a ƙugu. Ku shiga mota a tasha, ko da ta fi tsada. Kuma in an riga an tare ka, ka ba su. Na rantse babu wayar da ta kai ranka.

Akwai haɗarin da ya fi wannan, kuma baƙo ya fi shafa. A garin nan in aka yi ihun ɓarawo, kafin a tambayi wane ne an nemo taya da fetur. Yaron da ya sauka daga tirela jiya, ba Yarbanci, ba Turancin buroka, ba katin shaida, da me zai kare kansa? Mun ga Idi-Araba a 2002, mun ga Mile 12 a 2016, yadda rigimar mutum biyu ta zama ta ƙabila. Mun ga yadda kisan mutum ɗaya a Lekki ya jawo hana acaba a ƙananan hukumomi 6 daga 1 ga Yuni 2022, aka ƙara wasu 4 a watan Satumba. Dubban yaranmu suka rasa abin yi saboda aikin 'yan tsiraru.

Nan zan ɗan yi wa kanmu faɗa, ku yi haƙuri. Waya ta dubu ɗari biyu a kawo maka a dubu talatin, ba kwali, ba rasit, ka saya. Ranar da aka bi sawunta, kai za a kama. Masu sana'ar bola-jari, in an kawo muku wayar wuta ko murfin kwalbati, kun san ba daga bola suka fito ba. Abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Duk wanda ya sauki baƙo ya kai shi wurin shugaban unguwa a rubuta sunansa da garinsu da wanda ya tsaya masa, ya kuma yi katin zama na jiha, na LASRRA. Ku riƙe lambobin gaggawa, 112 da 767, kyauta ne. In an yi muku sata ku kai ƙara, kada ku je ku kaɗai, ku tafi da wanda ya iya magana, ku tabbata an rubuta. Beli a doka kyauta ne. Kuma tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. In ɗan'uwa ya faɗi, asibiti za ku fara nufa da shi, in ya so rahoto ya biyo baya.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.