Yadda Bafaranshe Ke Tauna Kalmar Ingilishi

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya can kuna jina? To madalla.

Bari in fara da abin da ke aljihunku. A Kano mai shago zai ce maka yana da "waifai". Tsallaka Maraɗi, yaro zai ce maka "wifi". Rubutu ɗaya ne, sai dai ta Kano ta bakin Ingila ta iso, ta Maraɗi kuwa ta biyo ta Faransa. Bafaranshe na karanta harafin i yadda muke karanta shi a boko, shi ke nan.

Babbar matsalarsa harafin h. Ba ya furta shi sam. Zai so ya ce yana jin yunwa, hungry, sai kalmar ta fito kamar angry, wato yana fushi. Mutum ya zauna gidan abinci a Landan, cikinsa na ƙugi, mai kawo abinci yana ba shi haƙuri! Sabulun wanke gashi kuma, shampooing, sun mai da shi "shampuwan". Ko Baturen Ingila ba zai gane ɗansa ba. Kuma ba yau aka fara ba: tun ƙarni na 18 suka ɗauki riding coat, rigar hawan doki, ta koma redingote. Ku rage dariyar, mu ma screwdriver muka mayar sukudireba.

Daga nan barkwanci ke fitowa. A Faransanci chat kyanwa ce, ana cewa "sha". Da intanet ya kawo chat ta hira, sai ya zama kamar mutum ya kwana da kyanwa a waya. Dole wasu suka ƙara harafi, suke rubuta tchat.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Jacques Toubon, tsohon ministan al'adun Faransa. A 1994 ya kawo dokar da ta wajabta Faransanci a tallace-tallace da takardun ɗaukar aiki, don a rage wa Ingilishi ƙarfi. To sunansa a kunne daidai yake da tout bon, wato komai lafiya. 'Yan jarida da masu shaƙiyanci ba su ɓata lokaci ba, suka fassara shi zuwa yaren da yake yaƙa, suka laƙaba masa Mister Allgood. Dokar tana aiki har yau, sunan ma bai sake shi ba.

Malam, na ga hannunka tun ɗazu. Bismillah.