Karatun Falaki a Jami'a: Abin da Ake Koyarwa da Inda Ake Yinsa a Saudiyya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na Makka, Jidda, Madina da Riyad.

Duk yammacin 29 ga Sha'aban hankalinmu yakan koma Hautat Sudair da Tumair, inda masu duban jinjirin wata suke taruwa, mu kuma muna gida muna jiran sanarwar Kotun Ƙoli. To amma kafin wani ya ɗaga kai sama, akwai waɗanda tuni suka lissafa lokacin da za a haifi watan, da kusurwar da zai tsaya, da mintuna nawa zai yi bayan faɗuwar rana kafin shi ma ya faɗi. Wannan lissafi shi ne aikin masana falaki, kuma a jami'a ake koyonsa.

Iyayenmu, ku kwantar da hankalinku. Wannan karatu ba shi da haɗi da duba ko buga ƙasa. Babu mai cewa tauraro kaza zai kawo arziki ko aure. Aunawa ce da lissafi. Da shi aka san wata yana ɗaukar kwana 29 da rabi daga haihuwa zuwa haihuwa, shi ya sa shekarar Hijira take kwana 354 ko 355, azumi kuma yake matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Kalandar Ummul Ƙura da ke rataye a ɗakunanmu ma haka take. Tun shekarar 1423 ƙa'idarta ita ce, idan ranar 29 an haifi wata kafin rana ta faɗi a Makka, kuma wata ya faɗi bayan rana, to washegari ɗaya ga sabon wata ne a kalanda.

Yanzu ƙannena, ga maganar da nake so ku riƙe. Wanda ya shiga sashen falaki yana zaton kullum zai kwana da madubin hangen nesa a ido, zai sha mamaki. Shekarun farko lissafi ne zalla da fiziks: motsin abubuwa, wutar lantarki da maganaɗisu, haske, zafi. Sai an ƙoshi da waɗannan sannan a zo kan taurari. Dalili kuwa a fili yake. Tauraro ba ya zuwa ɗakin gwaji, haskensa kaɗai ke iso mu. Ko rana da take kusa, haskenta sai ya yi tafiyar minti 8 da daƙiƙa 20. Ana ɗaukar wannan haske a warware shi launi-launi da na'ura, sai a ga wasu baƙaƙen layuka a cikinsa. Kowane sinadari da irin layukansa. Ta nan ake gane abin da tauraro ya ƙunsa, da zafinsa, da ko yana matsowa ne ko yana nesanta. Kai, sinadarin hiliyom ma a hasken rana aka fara ganin alamarsa a 1868, tun ba a same shi a doron ƙasa ba.

Sannan akwai kwamfuta. Masanin falaki na yau ya fi daɗewa gaban allon kwamfuta yana rubuta manhaja, galibi da harshen kwamfuta na Python, fiye da yadda yake daɗewa ƙarƙashin sama. Turanci ma dole ne, domin yawancin littattafai da binciken fannin da shi aka rubuta su.

Kimiyyar duniyoyi kuwa 'yar'uwar falaki ce, amma ta fi jingina da ilimin duwatsu da sinadarai. Ɗauki Zara, wadda kakanninmu suke kira matar wata. Ita ce Zuhra, kuma duniya ce ba tauraruwa ba. Girmanta kusan ɗaya da tamu, amma zafin da ke doronta ya haura digiri 450, saboda iskar da ta lulluɓe ta mai kauri ce, ba ta barin zafi ya fita. Me ya raba makomarta da tamu? Irin tambayar da ɗalibin wannan fanni ke bi ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sai an je Amurka za a taɓa abin da hannu ba. A cikin hamadar Rub'ul Khali akwai ramukan Wabar, inda wani dutsen ƙarfe ya faɗo daga sama har ya narkar da yashi ya koma gilashi. Babban gutsurensa, mai nauyin kusan tan 2, yana gidan tarihi na ƙasa a Riyad. Ƙetaren Bahar Maliya kuma, ranar 7 ga Oktoba 2008, wani ƙaramin dutse ya tarwatse a saman hamadar Nuba ta Sudan. Shi ne na farko a tarihi da aka hango yana tahowa kafin ya iso. Ɗaliban Jami'ar Khartum ne suka jeru cikin hamada suna tsintar gutsattsarinsa, kusa da tashar jirgin ƙasa ta shida. Ɗalibai fa, irinku.

To a ina ake karatun? Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda tana da sashen falaki a tsangayar kimiyya. Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad tana da sashen fiziks da falaki a haɗe. Ni dai shawarata, wanda bai samu falaki kai tsaye ba kada ya damu, ya ɗauki fiziks. Daga nan ƙofar digiri na biyu a falaki a buɗe take. Mai son duniyoyi kuma, digirin ilimin duwatsu ko kemistiri zai kai shi.

Maganar aiki, gara ku ji ta tun yanzu. Digirin farko kaɗai ba ya mai da mutum mai bincike, sai an haɗa da na biyu da na uku, kuma guraben ba su da yawa. Gaskiya ne ƙasar ta waiwayi sararin samaniya: an kafa hukumar sararin samaniya ta Saudiyya a 2018, a watan Mayun 2023 kuma Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni suka je tashar sararin samaniya ta duniya. Amma ku lura, ita mai binciken lafiya ce, shi kuma matuƙin jirgin yaƙi. Wanda ya karanta falaki ya fi ƙarewa a koyarwa, ko sarrafa bayanai, ko aikin tauraron ɗan Adam, kuma lissafi da kwamfutar da ya koya su ne jarinsa.

Ga 'ya'yanmu masu iƙama, hanyar jami'ar gwamnati ita ce minha ta cikin gida, wato tallafin karatu ga baƙi mazauna ƙasar, wadda ake nema ta dandalin Udrus fis Sa'udiyya na ma'aikatar ilimi. Makin sakandare da na jarrabawar Ƙudurat da ta Tahsili su ake dubawa, kuma gasar da zafi. Sharuɗɗa da fannonin da aka buɗe suna canzawa daga shekara zuwa shekara, don haka ku shiga shafin jami'ar da kanku tun kuna aji biyu na sakandare, ku ga abin da take nema, kada ku tsaya kan abin da aka ji a majalisa.