Daga bakin kogin Eder: maganar da kakanninmu na bangaskiya suka yi ƙasa-ƙasa

Salama a gare ku 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ƙarar ruwan da kuke ji a bayana ta kogin Eder ce. Ƙauyen nan sunansa Schwarzenau, yana ƙarƙashin garin Bad Berleburg a ƙasar Jamus. Bari in juya kyamara ku gani. Ƙaramin wuri ne, duwatsu da daji sun kewaye shi, ruwan kuma sanyi ƙalau ko da rani. Duk wanda ya tashi a EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kamar ni ya ji sunan ƙauyen nan tun a ajin baftisma. A shekarar 1708 mutum takwas, maza biyar mata uku, suka shiga kogin nan aka yi musu baftisma, jagoransu kuwa Alexander Mack, ɗan gidan masu injin niƙa daga Schriesheim. Daga wannan taron aka sami ikilisiyar da bayan shekaru ta aiko Stover Kulp da Albert Helser, waɗanda suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida ran 17 ga Maris 1923.

Wannan tarihin kun san shi. Abin da ya kawo ni yau wani ɓangare ne da ba a cika faɗa mana ba. Da yawa cikin mutanen da suka zauna a kwarin nan, har da Mack kansa, sun gaskata cewa azabar lahira tana da ranar ƙarewa, cewa a can ƙarshen ƙarshe Allah zai maido da dukan halittarsa gare shi. Ku dakata, kada kowa ya kashe bidiyon. Ku bari in shimfiɗa maganar daga tushe, don ni ma ta hana ni barci.

A wancan zamani wannan yanki mafaka ne. Mai mulkin wurin, Henrich Albrecht, ya bar mutanen da aka koro daga wasu garuruwa saboda addini su zauna a ƙasarsa. Suka kakkafa bukkoki a kan tudun can sama. Cikinsu akwai Hochmann von Hochenau, mai wa'azin da Mack ya bi kafin su rabu a kan batun kafa ikilisiya. Hochmann ya rubuta shaidar bangaskiyarsa yana tsare a Detmold a 1702, kuma maido da batattu na cikin abubuwan da ya lissafa. A Berleburg, nan kusa, aka buga wani Littafi Mai Tsarki mai sharhi, juzu'i takwas, tsakanin 1726 da 1742, sharhin nasa cike da wannan bege. Kuma ba abu ne mai sauƙi ba a faɗi haka a Jamus. Tun 1530 shaidar bangaskiyar Lutheran ta Augsburg, a sashe na 17, ta la'anci masu cewa hukuncin batattu da shaidanu zai ƙare.

To me Mack ya ce? A 1715 ya fitar da ɗan littafi a kan farillai da ka'idodin gidan Allah, ya tsara shi kamar hira tsakanin uba da ɗa. Kusa da ƙarshe ɗan ya tambayi uban ko azabar nan ba ta da iyaka ne. Uban ya kawo Wahayin Yahaya 14:11, inda hayaƙin azabarsu yake tashi har abada abadin, amma ya ƙara da cewa Nassi bai tabbatar da cewa za ta dawwama ba ƙarewa sam ba. Sai kuma ya ja birki. Ya ce ko da an fito da batattu bayan zamanai masu tsawo, ba za su taɓa kai matsayin waɗanda suka bi Yesu a lokacin alheri ba. Ya ce bisharar da ke koya wa mutum yadda zai tsere wa fushin Allah ta fi wadda ke cewa azaba za ta ƙare, kuma ko da maganar gaskiya ce, kada a yi wa marasa tsoron Allah wa'azinta. Wato ya gaskata, amma ya ce a riƙe a ciki.

Bari in ɗan taka zuwa gadar can, iska ta yi yawa a nan.

Gardamar ta girme Mack da fiye da shekara dubu. Orijin, malamin Iskandariya ta Masar, wanda ya sha azaba a kurkuku saboda sunan Yesu a zamanin sarki Desiyus, shi ne ya fi shahara da ita. Ya dogara ga Ayyukan Manzanni 3:21, inda Bitrus ya yi zancen lokacin maido da dukan abubuwa. A wurinsa wutar Allah wuta ce mai tsarkakewa. Bayansa Giregori na Nissa, a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, ya koyar da kusan haka, kuma shi yana cikin bishop-bishop da suka zauna a taron Kustantiniya na 381, taron da ya kammala shaidar bangaskiyar da ikilisiyoyi da yawa ke karantawa har gobe. Ba a taɓa korar Giregori ba, waliyyi ne a wurin Katolika da Otodoks. Orijin kuwa, a 543 sarki Justiniyan ya fitar da doka a kansa, cikinta har da la'anta duk mai cewa hukuncin aljanu da mugayen mutane na ɗan lokaci ne. Taron Kustantiniya na 553 ma ya sa sunansa cikin jerin 'yan bidi'a.

Wanda ya fi kowa kafa ɗaya ɓangaren ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. Hujjarsa ita ce wadda fastocinmu ke kawowa, ko sun san daga wurinsa ta fito ko ba su sani ba. Matiyu 25:46: waɗannan za su shiga madawwamiyar azaba, masu adalci kuwa rai madawwami. Agustin ya ce kalma ɗaya ce Ubangiji ya sa wa azabar ya kuma sa wa ran, a numfashi ɗaya. In ka ce azabar za ta ƙare, da wane baki za ka ce ran ba zai ƙare ba? 'Yan'uwa, wannan hujja tana da nauyi, ban ga wanda ya ture ta da sauƙi ba. Amma ku lura, shi Agustin bai kira masu wancan ra'ayi arna ba. Ya ce masu taushin zuciya ne daga cikinmu, ya kuma yarda cewa suna da yawa ƙwarai a zamaninsa.

A nan ne maganar "har abada" ta shigo, kuma ba yadda za a kauce mata. Kalmar Helenanci da ke cikin ayar, ayoniyos, daga kalmar da ke nufin "zamani" ta fito, ita ma olam ta Ibrananci tana iya nufin dogon zamani. Masu begen ceton kowa suna cewa ku buɗe Yunusa 2:6. Annabin ya ce ƙasa ta kulle shi da ƙyamarenta har abada, alhali kwana uku ya yi a cikin kifin. Ku buɗe Fitowa 21:6, bawan da aka huda wa kunne zai bauta wa maigidansa har abada, wato iyakar ransa. Yahuza aya 7 ta ce Saduma ta sha hukuncin madawwamiyar wuta, ga shi kuwa Ezekiyel 16:53 na zancen komo da Saduma. Saboda haka, in ji su, Matiyu 25 na nufin hukuncin zamani mai zuwa da ran zamani mai zuwa, ba agogo ake aunawa ba. Suna ƙarawa da Yahaya 17:3, inda Yesu ya ce rai madawwami shi ne a san Allah makaɗaici na gaskiya da Yesu Almasihu wanda ya aiko. Wani farfesa a Ingila, F. D. Maurice, ya rasa kujerarsa a King's College ta Landan a 1853 saboda irin wannan karatu.

Ɗaya ɓangaren ba su yi shiru ba. Suna cewa da kalmar nan ce Bulus ya kira Allah madawwami a Romawa 16:26, wa zai ce Allah na ɗan zamani ne? Suna kawo Daniyel 12:2, da Markus 9:48 inda tsutsa ba ta mutuwa wuta kuma ba ta mutuwa, da Wahayin Yahaya 20:10. A ganina, kalmar ita kaɗai ba ta raba gardama. Takan ɗauki tsawonta daga abin da aka jingina ta gare shi. Duk wanda ya ce muku da ƙamus kawai ya gama maganar, ko daga wane ɓangare yake, ya yi gaggawa.

Abin da ya fi kama ni shi ne ayoyin Bulus. Romawa 5:18 ta ce kamar yadda laifin mutum ɗaya ya jawo wa dukan mutane hukunci, haka aikin adalcin mutum ɗaya ya kawo wa dukan mutane kuɓuta da rai. 1 Korintiyawa 15:22, kowa na mutuwa cikin Adamu, kowa za a rayar cikin Almasihu, har aya 28 inda Allah zai zama kome a cikin kome. Kolosiyawa 1:20, ya sulhunta dukan abubuwa da kansa ta jinin gicciye. Ku lura da wani abu: irin hujjar Agustin ce aka juyo. In "madawwami" ɗaya ne a gefe biyu na Matiyu 25, me zai hana "duka" ya zama ɗaya a gefe biyu na Romawa 5? Masu amsawa suna nuna aya 17, wadda ta ce waɗanda suka karɓi alherin ne za su yi mulki cikin rai. Kuma Bulus ɗin nan shi ya rubuta madawwamiyar hallaka a 2 Tasalonikawa 1:9. Akwai ma hanya ta uku da John Stott, wani mai wa'azin Anglican na Ingila, ya karkata gare ta a 1988, cewa batattu za su hallaka su shuɗe gaba ɗaya, ba azaba marar ƙarewa ba. Wannan sai wani bidiyon.

Yanzu bari in faɗi abin da ke raina, don ga wanda ya fito daga Adamawa ko Borno wannan ba maganar aji ba ce. A Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan ikilisiyarmu. A Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarmu a Kwarhi. Majami'u nawa aka ƙone, gwauraye nawa ke zumuntar mata yau? In na tsaya gaban uwar da har yanzu ba ta ga 'yarta ba na ce mata kowa da kowa zai tsira, me na gaya mata? Zuciyata ba ta yarda da bisharar da ba ta da ranar shari'a ba. Jinin nan yana kuka, Allah kuwa mai adalci ne. Gaskiya kuma ita ce, su Giregori da Mack ba su taɓa cewa babu shari'a ba. Wutar da suka yi zance a kanta mai ban tsoro ce, mai tsawo. Masu cewa yau "ka yi abin da ka ga dama, Allah ƙauna ne" ba magadansu ba ne.

Amma akwai wata uwar kuma. Yawancinmu kakanninmu sun mutu kafin bishara ta iso tsaunukanmu. Da yawa muna da kawu ko inna ko abokin wasa da ya rasu ba a cikin bangaskiyarmu ba, mutanen da muka ci tuwo a kwano ɗaya da su. Yaro in ya tambayi malamin makarantar Lahadi ina kakarsa take, sau da yawa tsawa ake daka masa. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai. Tambayar ba rashin bangaskiya ba ce, ƙauna ce ta haife ta. An taɓa yi wa Yesu irinta a Luka 13:23, ko kaɗan ne za su sami ceto. Bai ba da adadi ba, ya ce ku yi fama ku shiga ta ƙunƙuntar ƙofa. Bai kuma kori mai tambayar ba.

Ni dai ga inda na tsaya. Ba ni da izini daga Nassi in yi wa kowa alkawari cewa wuta za ta mutu. Gargaɗin ya fito daga bakin Ubangiji da kansa, ba zan rage masa kaifi ba. Amma ina da umarni a 1 Timoti 2 in yi addu'a domin dukan mutane, gama Allah yana so kowa ya sami ceto, ya kai ga sanin gaskiya. Abin da Allah yake so, ba zan ji kunyar roƙonsa ba, har domin waɗanda suka ƙone mana majami'u. Yana da wuya, wani lokaci bakina yakan yi nauyi, amma ina yi.

Inda na saba da baba Mack, da dukan girmamawa, shi ne batun ɓoyewa. Na gane tsoronsa, ya ga mutanen da suka ji zancen maidowa suka saki jiki da zunubi. Amma shirun ya yi tsawo har jikokinsa na bangaskiya ba su san ya taɓa faɗa ba. Yau matasanmu suna cin karo da maganar a YouTube, daga bakin mutane irin su marigayi Carlton Pearson na Tulsa a Amurka, wanda wata majalisar bishop-bishop ta Fentikos ta ayyana koyarwarsa bidi'a a 2004, ba tare da wani dattijo ya taɓa zama da su ya buɗe Matiyu 25 da Romawa 5 gefe da gefe ba. Iyayena fastoci, malaman makarantun Littafi Mai Tsarki, ina roƙonku, ku koyar da wannan tarihi. Ku kawo hujjar Agustin da ƙarfinta, ku kawo ta Giregori da ƙarfinta, ku faɗi inda kuka tsaya da dalilinku. 'Ya'yanku za su iya ɗauka.

Hadari ya fara haɗuwa ta kan dutsen can. Zan hau tudu zuwa ɗan gidan tarihin da aka sa wa sunan Alexander Mack kafin ruwa ya sauko, in an bar ni in ɗauki hoto a ciki zan nuna muku a kashi na gaba. Ku gaida mutanen gida, Ubangiji ya kiyaye ku.