Jirgin gas mai tsafta ne? A fara tambayar injin da ke cikinsa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Tun da katafaren jirgin ruwan nan CMA CGM Scandola mai aiki da iskar gas ya sauke kwantenoni a tashar Lekki a watan Janairun 2024, waƙa ɗaya ake rera mana: wai an samu jirgi mai tsafta, wai hayaƙin teku ya zama tarihi. Wannan waƙa ta fara gundura, domin rabin labari ce.

Rabin da ke gaskiya ba mu musanta shi ba. Ana sanyaya gas ɗin har awo 162 ƙasa da sifiri, ya koma ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600, a zuba a tanki. Idan aka ƙona shi, farar wutar da baƙin man jirgi ke fitarwa kusan babu ita, toka ma haka. Tun 2020 hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta rage farar wutar da aka yarda a samu a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari, kuma gas ya tsallake wannan sharaɗi ba tare da gumi ba. Mun ji, mun yarda.

To amma gas ɗin nan methane ne, iska mai ɗumama duniya, kuma ba dukansa ke ƙonewa ba. Manomin da ya mayar da injin ban-ruwansa na gas a fadamar Argungu bayan cire tallafin mai ya san abin da ake nufi: in inji bai ci gas da kyau ba, hanci ke fara sani. Nasa gas ɗin girki ne, an sa masa wari da gangan. Na jirgi ba shi da wari, ba shi da launi, ta bututun hayaƙi yake sulalewa. Kuma kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya kamar kilo 30 na hayaƙin carbon a tsawon shekara 100, fiye da 80 a shekara 20.

Mu yi lissafi a fili. Tan ɗaya na gas yana fitar da tan 2.75 na hayaƙin carbon. Baƙin man da zai yi aiki daidai da shi yana fitar da kusan tan 3.8. Ribar ke nan, tan ɗaya. Idan kashi 3 cikin ɗari ya sulale, kilo 30 ke nan; a ninka sau 30, an cinye kilo 900 daga ribar. Me ya rage? An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Shi ya sa tambayar ita ce: wane inji? Akwai wanda ke gauraya gas da iska tun kafin fistan ya matse su. A irinsa, wani gas ɗin yana maƙalewa a lungunan silinda inda wuta ba ta kaiwa, wani ya bi ta bawul kafin ya rufe, abin kuma ya fi muni in jirgi na tafiya a hankali, wato daidai lokacin da yake shiga tasha. Akwai kuma wanda ke fesa gas da matsi mai ƙarfi, wajen ninkin matsin iskar sarari sau 300, bayan an riga an matse iska, ɗan dizal kaɗan ya kunna shi. Tarayyar Turai a dokarta ta ƙiyasta gas ɗin da ke sulalewa: na farkon mai saurin juyi kashi 3.1 cikin ɗari, mai juyi a hankali 1.7, na biyun kuwa 0.2. Da ICCT, cibiyar bincike kan sufuri mai tsafta, ta auna jirage a kan aiki, ta samu matsakaicin 6.4 a na farkon mai saurin juyi. Duka ana kiransu jiragen gas. Wane inji?

Masu cewa ai gas gada ce zuwa man gobe, su sani jirgin da aka ƙera bana zai yi shekara 25 yana yawo. Wannan ba gada ba ce, zama ne.

Wani zai ce ina ruwan Kebbi da teku. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a jihar nan ba zai yi wannan tambayar ba. Kuma tun 2024 Turai ke cajin jirage kuɗin hayaƙi, daga 2026 har da methane. Irin wannan caji kuɗin dako yake bi, kuɗin dako kuma a kan ɗan kasuwar Birnin Kebbi da Kamba yake sauka. Ga shi mu ne masu gas ɗin, tun 1999 muke lodinsa a Bonny.

Don haka in wani jirgin ya sake zuwa aka shirya masa biki, hukumar tashoshin ruwa da NIMASA, mai kula da sufurin jiragen ruwa, su nemi takardar injinsa, da adadin methane da yake zubarwa a ƙaramin gudu, su karanta wa jama'a kafin a yanka ƙyalle.